Adda da Farantin Mai Gada

Daga Sabon Birni har Isa, babu farantin tangaran da ya taɓa shiga ɗakin mace bai bi ta hannun Adda ba, ko ta hannun uwarta. Haka ake faɗa, kuma ba a taɓa jin wanda ya musa ba. Gaskiya dai idan aka tara tsofaffin tangaran ɗin ƙasar gaba ɗaya, da masu tsaga da masu ɓalli, da kyar su cika amalanke biyu. Tun da roba da kula suka cika kasuwa kuma, masu zuwa tambayar Adda a shekara ba su fi yatsun hannu ɗaya ba. Sai dai waɗanda suka zo ba su taɓa komawa da shakka ba.

Sunanta na yanka Maimunat, amma tun tana goyon ƙannenta makwabtansu Fulani suka sa mata Adda, sunan ya bi ta har tsufa. Uwarta dillaliya ce kuma mai jere, wato wadda ake kira ta shirya wa amarya kwanuka da farantai a ɗaki. Adda ta gaji sana'ar da idon duka. Ta yi aure sau biyu. Miji na farko ya rasu. Na biyun ya sake ta wata bakwai da tarewa, saboda uwarsa ta nuna mata wani kwano da ake cewa daga Makka ya zo, ita kuwa ta juya shi ta ce daga kasuwar Shinkafi ne, ta kuma faɗi sunan mai rumfar. Ba ta sake aure ba. Ba ta kuma janye maganar ba.

Ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, allonta ma bai yi nisa ba. Amma tambarin da ke bayan faranti, wanda masu boko ke karantawa su ce Ingila ko Faransa su yi shiru, ita tana duba shi ne yadda ake duba tsagen Bagobiri a san gidansu. Aikinta yana da tsari. Za ta wanke hannu tukuna. Ta ɗora farantin a tafin hannu ta ji nauyinsa. Ta kai shi kusa da kunne ta ɗan buge bakinsa da farce. Sannan ta fita da shi rana. A da tana taɓa shi da haƙori ma, lokacin tana da su. Kowane zane ta ba shi suna. Fari mai zirin zinariya a baki shi ne Zoben Liman. Mai koren ganye ƙanana Ganyen Lalle. Wanda ke shigowa ta Maraɗi da tsuntsu mai dogon wutsiya Tsuntsun Faransa. Matan garin da waɗannan sunaye suka san kayansu, har suna zaton daga masana'anta aka zo da su.

An yi shekarar da wani manomi a Turba yana huɗa garmarsa ta tono ɗan guntu, bai fi farcen babban yatsa ba. Ya kawo mata don raha. Ta tofa masa yawu ta goge da gefen zane, ta ce kofin shayi ne daga tsohon barikin Turawa, an ba wani kuku shi da ɗan farantinsa lokacin da kunnen kofin ya karye. Mutumin ya yi dariya har ya isa gida. Bayan sati biyu jikokin kukun suka ji labari, suka fito da ɗan farantin daga ƙasan adaka. Furen guntun da na farantin iri ɗaya ne, har ɗigon rawaya da ke tsakiya. Tun daga ranar manomin idan ya hango ta a hanya sai ya sauka daga kekensa.

A shekarar da aka katse layukan waya a yankin saboda 'yan bindiga, Adda tana da shekara saba'in da 'yan kai. Wata rana da hantsi tana zaune a tsakar gida tana tsinke zogale, wata mata ta yi sallama. Doguwa ce, ba za ta wuce arba'in da kaɗan ba, ta rungume wani ƙunshi a ƙirji kamar jariri. Ta durƙusa ta gaida ta, ta ce sunanta Mardiyya, daga Gatawa.

Ba sai an tambayi mutumin Gatawa abin da ya kawo shi Sabon Birni a wannan shekarar ba. Mijinta Bawa a gona aka harbe shi. Ita da 'ya'yanta uku wata huɗu ke nan suna kwana a aji ɗaya na wata firamare tare da wasu iyalai. Yanzu hedimasta ya zo, da kunya da komai, ya ce nan da kwana goma yara za su koma karatu. Masu dangi sun fara kwashe tabarminsu. Dangin Bawa sun tsallaka Nijar, su ma a rumfar leda suke. Ita kuwa ba ta da kowa. Tana 'yar shekara huɗu uwarta ta iso Gatawa daga arewa a shekarar babbar yunwa, ba lafiya, ta rasu a gidan wata tsohuwa. Tsohuwar ta riƙe Mardiyya har ta aurar da ita, ita ma ta daɗe da rasuwa. Abu ɗaya uwar ta bari, shi ne a cikin ƙunshin. Ranar gudu ta bar buhun gero ta ɗauko shi.

"Gwaggo, cewa anka yi ke ka sayen irin wanga," in ji Mardiyya.

"Ni ba ni saye, ɗiyata, mai saye dai nika sani. Buɗe in gani."

Zane biyu da rigar yaro aka naɗe shi da su. Da gefen farantin ya bayyana, Adda ta ajiye zogalen, ta tashi ta wanke hannu har gwiwa.

Zanen da take kira Mai Gada ne. Itace mai rassa sun zubo kamar gashin da ba a kitse ba, wani gida mai rufi hawa-hawa, kwalekwale, tsuntsaye biyu a sama, ga gada a ƙasa. Mai Gada ba baƙo ba ne, ta san gidaje tara da ke da shi. Amma duk shuɗi ne, kuma mutum uku ne a kan gadar. Wannan ja ne, jan da ya yi kama da ruwan goro, kuma mutum biyu ne ke tsallakawa.

Ta buge bakinsa da farce. Ƙarar ta fita siririya, ta daɗe ba ta mutu ba. Adda ta rufe ido. Sau ɗaya ta taɓa jin wannan ƙarar, tana 'yar shekara goma sha biyu, shekarar da aka sauke tutar Turawa. An kira uwarta Isa jeren wata amarya mai suna Khadijat, matar Alhaji Yari, farken goro. Ya taho da akwatin katako daga Kumasi cike da ciyawa, farantan suna kwance a ciki. Ita ce ta riƙa zaro su tana miƙa wa uwarta.

Ta kuma san abin da kowace mai jere ta sani. A gidajen da ke da tangaran, uwa kan zare guda daga nata ta sa a kayan 'yarta ta fari ranar tarewa. 'Yar farin Khadijat, Rahmatu, wani mai fataucin shanu ta aura, ya tafi da ita arewa can cikin Nijar. Bayan shekarar yunwa ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

"Uwarki, mi sunanta?"

"Inna nika ce mata."

"Kowa haka shika ce ma tashi. Tana da tsage? Fara ta ko baƙa?"

Mardiyya ta sunkuyar da kai. "Ban tuna huskarta, Gwaggo. Bayanta nika tunawa."

Adda ta mayar da farantin cikin rigar yaron, ta naɗe da kanta. "Ba a sai da wanga. Ki bar ɗiyanki wajen makwabta. Gobe da sahe za mu Isa."

A lokacin ba a bin hanyar Isa sai rana ta fito sosai, motoci sun taru, an bi bayan motar sojoji. Fasinjoji suka yi tsit, kowa idonsa a daji, leɓe na motsi. Adda ce kaɗai ke magana. Farantin na kan cinyarta, kuma duk ramin da direba ya faɗa sai ta tambaye shi ko a bayan jaki ya koyi tuƙi.

Alhaji Yari ya daɗe da rasuwa. Ɗansa Malam Hafizullahi ne mai gida yanzu, tsohon malamin makaranta mai tabarau da gemu tsaf. A zaure ya tarbe su. Ba mugun mutum ba ne. Iyalan 'yan'uwa biyu sun riga sun sauka a gidan daga ƙauye, rumbu yana ƙasa, kuma a wannan shekarar kaɗai mata uku sun zo sun ce su jinin gidan ne, da aka bincika ba su san ko sunan Alhaji ba. Ya saurari Adda har ƙarshe, ya gyara tabarau.

"Inna Adda, Allah shi ba ki haƙuri. Faranti ba shi da uwa, ba shi da uba. Masana'anta ka buga su dubu-dubu." Ya zaro waya don ya duba, kamar yadda ya saba cin gardama, sai ya tuna an katse layi. Ya mayar da ita aljihu.

"To malamin boko," in ji Adda. "A ɗakin uwarka anka yanke maka cibi, gaban kabad ɗin nan ka yi rarrahe. Mutum nawa ag ga gadar?"

"Wace gada?"

"Ka gani? Zauna ka ji karatu. Wanga ƙunshi kar a buɗe shi tukuna. Rabona da kayan uwarka shekara sittin. Ka shiga ka ce ta ɗauko guda. Ja na, ba shuɗi ba. Mutum biyu kan gada, na gaba ya riƙe sanda. Tsuntsun hagu, fiffikensa na ƙasa ya katse a tsakiya kamar an ja zare anka tsinke. Itacen da ke bayan gida 'ya'yansa talatin da biyu. In ka juya shi za ka ga ƙugiyar jirgin ruwa cikin zobe, zoben bai rufe ba ta dama. In guda ya saɓa, ni da kaina za ni ja hannun yarinyar ga mu koma."

Malam Hafizullahi ya tashi ya shiga ciki. Ba a jima ba aka aiko su shigo.

Hajiya Khadijat ta haura tamanin, ta ƙanƙance, amma idonta tar. Tana zaune a bakin gadon ƙarfe, ta ɗaga kai ta dubi Adda.

"Ke, ɗiyar mai jere, ashe ba ki mutu ba?"

"Ina jiran ki riga ni, Hajiya, in zo in yi ma magada kuɗin kayanki."

"Kul! Ko gawata ba ta bari ki taɓa."

Suka yi dariya, suka riƙe hannun juna fiye da yadda gaisuwa ke buƙata. Sannan Hajiya ta kwance mabuɗi daga bakin zanenta, ta buɗe ganye ɗaya na kabad ɗin, ta tura hannu bayan wasu tasoshi, ta zaro faranti guda, ta rufe ta kulle. Babu wanda ya leƙa. Kamar yadda ba a tsayawa a bakin garke a ƙidaya shanun mutum, haka ba a ƙidaya jeren mace a gabanta. Ana cewa baki na kama kayan, su fara fashewa ɗaya bayan ɗaya. Adda, wadda ta girma cikin ɗakunan mata, ta fi kowa kiyaye wannan.

Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida inda rana ta fi ƙarfi. Matan gidan suka kewaye. Malam Hafizullahi ya tsuguna da farantin uwarsa, ya kai shi dab da tabarau. Ja ne. Mutum biyu, na gaba da sanda. Fiffiken tsuntsun hagu a katse. Ya ƙidaya 'ya'yan itacen da bakin biro, ya sake ƙidayawa. Ya juya: ƙugiya cikin zobe, zoben a buɗe ta dama. Ya ajiye shi a kan tabarma.

Sai Adda ta kwance ƙunshin Mardiyya ta ajiye nata a gefen na Hajiya. Wata daga cikin matan ta yi salati. Tsinkewar fiffiken nan tana nan daram a wuri ɗaya, ko tsawon gashi ba ta gusa ba. Adda ta ɗauki guda a kowane tafi, ta ce wa Malam ya buge su. Ya buge na dama, ya buge na hagu kafin ƙarar farko ta mutu. Muryoyin biyu suka haɗu suka zama ɗaya, suka yi ta tafiya a cikin shirun gidan, har akuyar da ke ɗaure ta daina tuƙa.

"Allahu Akbar," in ji Malam Hafizullahi a hankali. Shekara talatin da biyar yana koyarwa bai taɓa ganin ɗalibin da ya riƙe darasi na mako biyu haka ba. Ya cire hula ya shafa kai. "Inna Adda, da mi kika riƙe wanga duka?"

"Da ido, ɗana. Ku da anka ba takarda kun sallami naku."

Duk wannan abin da ake yi, Hajiya Khadijat ba ta ko dubi tabarmar ba. Mardiyya take kallo, wadda ta rakuɓe jikin bango. Ta dubi wuyanta da ƙasusuwa suka fito, ta dubi dugaduganta da suka tsattsage.

"Taho nan, yarinya. Ɗiyanki nawa?"

"Uku, Hajiya."

"Ina sunka kwana jiya?"

"Aji, Hajiya."

Tsohuwar ta juya wajen ɗanta. "A fid da buhunan da ke ɗakin kudu, a share shi. Gobe ka bi mota ka kwaso su."

"Inna, kin tabbata ɗiyar Yaya Rahmatu ta?"

"Ba kai ka buga da hannunka ba? Ba ka ji da kunnenka ba?"

Ya ce ya ji. Mardiyya ta faɗi a ƙafafun tsohuwar tana kuka, Hajiya ta dafa kanta ta ce ta daina ce mata Hajiya, ta ce Kaka. Ta karɓi farantin ta ce a mayar da shi cikin 'yan'uwansa. Kwana bakwai kafin a buɗe makarantar, Mardiyya da 'ya'yanta suka kwana a ɗaki mai ƙofa.

Labarin ya riga Adda isa Sabon Birni, duk da babu waya. Kafin ya kai Kamarawa an ce ta cikin zane ta gane farantin. Kafin ya tsallaka iyaka an ce da ƙamshi. Mutane suka riƙa zuwa da abin da suka tono ko suka gada, suna cire takalmi tun daga ƙofar zaure. Wani dattijo ya yi tafiyar yini da wani farin dunƙule mai sheƙi da ya ce na kakanninsa ne. Adda ta wanke hannu, ta auna, ta buga, ta fita da shi rana, ta ce masa na kan turken lantarki ne. Ya yi godiya ya tafi, yana faɗa wa mutane a hanya cewa tsohuwar nan har lantarki ta sani.

Ana saura kwana uku Babbar Sallah Hajiya ta aiko a taho da Adda Isa ta ci nama. Ta tarar da Mardiyya ta yi ƙiba har ta fara faɗa da matan gidan a kan layin murhu, abin da ke nuna mutum ya zauna. Ranar kuma ita ce ranar da Hajiya ke fito da tangaran ɗinta sau ɗaya a shekara a wanke. Mardiyya ce ta wanke, ta jera su a kan tabarma a ƙofar ɗaki su sha iska, ta tafi wajen daka.

Adda ba ta yi niyya ba. Ta kau da kai ma, ta dubi akuya, ta dubi rumbu. Amma idon da ya yi shekara sittin yana jere ba ya neman izini. Ya bi layin jajayen farantan daga wannan gefe zuwa wancan, ya dawo. Ya sake bi, lissafin bai sauya ba.

"Kin gama?" in ji Hajiya, ba tare da ta ɗago daga tazbaharta ba.

"Ni ban ƙidaya komi ba."

"Awo." Tsohuwar ta ja ƙwaya biyu. "Ran tarewar Rahmatu ta roƙe ni guda. Ni kuwa ina jin haushin mijin, nic ce sai ta haihu ta zo ta amsa. Ba ta komo ba."

Daga bayan gida ana jin ƙarar taɓarya, da muryar Mardiyya tana yi wa wani yaro tsawa ya sauka daga katanga.

"Malam ya sani?" in ji Adda.

"Namiji? Ya san yawan faranti?"

Dozin ɗaya Alhaji Yari ya sayo a Kumasi, Adda da hannunta ta zaro su daga ciyawa. A kan tabarmar akwai goma sha uku.